Yadda Onur Ya Sasanta Duwatsun Bango

"A duk faɗin Sawakin," in ji Onur, "babu dutsen da ban san uwarsa da ubansa ba. Ku ɗaure min ido, ku ɗauko ko wanne daga kowane bango, in shafa shi in gaya muku gidansu har da ƙauyen kakansa."

A rumfar Ohaj mai gahawa yake wannan magana, kuma ba ranar ya fara ba. Mutane suka ci gaba da kurɓar abinsu. Ohaj ya ɗaga jabana, tulun gahawarsa, daga kan garwashi, ya tsiyaya masa, ya ce, "Sha a hankali. In ka ƙara ɗaya yanzu za ka shiga teku, mu kuwa ba mu zo da kayan canji ba."

Ga asalin wannan ilimi. Shekarun baya, tun Onur yana da gashi a tsakar kai, wata Daktora ta zo daga jami'a tana bin gaɓa da 'yar guduma, tana ƙwanƙwasa dutsen murjanin da aka gina garin da shi. Abin da kowa ya shaida shi ne Onur ya riƙe mata laima daga hantsi zuwa azahar. Sauran kuwa a bakinsa aka ji. A bakin nasa hantsin nan ya yi ta kumbura har ya zama shekaru, laima ta zama jirgin ruwa, shi da Daktora suka nutsa har inda kifaye ke yawo da fitila, kuma da za ta tafi wai ta ce masa, "Onur, ni karatu na yi, kai kuwa sani ka yi."

Cikin abin da ta faɗa a ƙarƙashin laimar, biyu ne suka maƙale masa. Na ɗaya, murjani da ransa ya fara kafin ya zama dutse, kuma dangi-dangi ne: akwai mai zane kamar ƙwaƙwalwar rago, akwai mai ramuka kamar saƙar zuma, da masana suna lissafa su gida ɗaya, daga baya suka raba su. Na biyu, wanda ake haƙowa a tudu ya girmi wanda ake sarowa a ruwa nesa ba kusa ba, don yana nan tun teku na kwance a inda raƙuma ke kiwo yanzu. Har nan babu laifin kowa. Ginin da Onur ya ɗora a kai ne ya jawo abin da ya jawo.

Gidan da yake zaune na matarsa ne, Sittana, gadon ubanta. A layinsu shi kaɗai ya rage a tsaye, sauran sun durƙusa ɗaya bayan ɗaya, kuliyoyi sun gaje su. Bangon da ke kallon ruwa shi ke ɗauke da tagar katako mai sassaƙa, aikin hannun kakanta, wadda ta turo kai waje kamar ƙaramin ɗaki. A nan take zama da la'asar tana shan iska, tana ganin kowa ba a ganinta. To, wannan bango ne ya tsage, siririyar tsaga daga gindin taga zuwa ƙasa, ga kuma ruwan sama ya ƙarato, wanda a nan da hunturu yake sauka.

Ana haka ƙanwarta ta haihu a garin Sinkat, can cikin duwatsu. Sittana ta ɗaure kayanta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baban Okir," ta ce wa Onur, "na gama magana da Usta Jailani. Gobe zai zo ya cike tsagar nan da farar ƙasa. Aikinka ɗaya ne, ka buɗe masa ƙofa."

"Sai in tsaya in ɗan nuna masa..."

"Ka buɗe masa ƙofa."

"In ya yi kuskure fa?"

"Sai ka rufe bakinka ka bar ƙofar a buɗe. Tagar nan ita ta rage min daga mutanenmu. In wani abu ya same ta, ni da kai ne."

Washegari Usta Jailani magini ya iso da jakinsa da buhun farar ƙasa. Onur ya buɗe ƙofa, a nan kam ba a bin sa bashi. Sai dai ya buɗe ya tsaya a ciki.

"Usta, kafin ka kwaɓa, ka san me ya tsaga bangon nan?"

"Gishiri da tsufa."

"Haka ake gani daga waje. Zo ka duba." Ya ja shi gindin bango. "Wannan na dama, ɗan gidan Ƙwaƙwalwa ne. Wannan na hagu, ɗan gidan Saƙar Zuma. Da gida ɗaya suke, aka raba su, kuma ka san ba da dariya ake raba gida ba. Sai wani magini ya zo ya manna su kafaɗa da kafaɗa. Kai in aka manna ka da wanda kuke gaba, ba za ka ja jiki ba? To jan jikin nan shi ne tsagar."

Usta Jailani ya dubi bango, ya dubi Onur. "Sauran gidajen layin nan da suka zube fa?"

"Yaƙin basasa."

"Ni dai farar ƙasa Hajja Sittana ta ce in sa."

"Farar ƙasa a kan gaba? A ina ka taɓa ganin an shafe rikicin dangi da farar ƙasa? Raba su ake yi tukuna, kowa ya huce, sannan a kira zaman sulhu."

Usta ya mayar da buhunsa kan jaki. Ya ce ranar da za a yi zaman a gaya masa, in akwai nama.

Kafin azahar Onur ya samo dogon ƙarfe ya fara aiki. Shirinsa mai sauƙi ne: ya zaro 'yan Saƙar Zuma da ke dama da tsaga ya mayar da su hagu, ya zaro 'yan Ƙwaƙwalwa da ke hagu ya mayar da su dama, kowa ya zauna cikin 'yan uwansa. Dutsen murjani ba ya gardama, da an ɗan zungure shi sai ya biyo ka. Wurin mayarwa ne aka samu matsala, don ba wanda ya yarda ya shiga ramin wani. Wannan ya yi wa ramin yawa, wancan ya faɗa ciki ya fita ta baya. Onur bai yi mamaki ba. Ya ce ai ba wanda zai kwanta a shimfiɗar abokin gabarsa tun da ɗuminta. Ya kwashe su ya tara a filin kangon maƙwabta, tsibi biyu, kowanne ya ba ɗan uwansa baya.

Cikin 'yan kwanaki bango ya koma rariya. Iska ta riƙa shiga ta ko'ina tana kashe masa wuta. Kuliyoyin layin suka gano an buɗe sababbin hanyoyi, suka taho da iyalansu. Ohaj ya daina zagayowa ta ƙofa, ta rami yake miƙo gahawa ya karɓi kofi ta wani ramin. Wata safiya Hajja Batul, tsohuwar da ke sayar da kifi a gaɓa, ta tsaya ta ɗaga murya ba tare da ta juyo ba.

"Onur, ɗayan biyu. Ko ka toshe ramin nan na ƙasa, ko ka daina wanka."

"Hajja, aikin ilimi ake yi."

"Na ga ilimin. Ka toshe."

Sannan aka fara cin karo da duwatsun da suka ƙi faɗin gidansu. Ohaj ya ɗauki wani ya jujjuya: gefe ɗaya zanen ƙwaƙwalwa, ɗaya gefen ramukan zuma. "To, masani, wannan ɗan waye?"

Onur ya karɓa, ya yi masa kallon da ake wa ɓarawon da aka daɗe ana nema. "Uwa can, uba nan. Irin su ne munafukan. Su ke kwasar magana a dama su kai hagu." Ya buɗe musu tsibi na uku a bakin ruwa, inda igiyar ruwa ke jiƙa su safe da yamma, don su ji a jikinsu.

Bango kuwa ya fara sunkuyowa wajen teku kamar mai son jin abin da ake faɗa a kansa. Tagar Sittana ta karkace. Onur ya dube ta, ya tuna "ni da kai ne". Ya ruga wurin masunta ya aro sandar filafilan wani jirgi, doguwa mai kauri, ya kafa gindinta a yashi ya tokare bango da ita. Da aka tambaye shi ya ce sandar dattijo ce, wadda ake giciyewa tsakanin masu faɗa.

Sai dai tsaga ba ta rufe ba, ƙaruwa ma ta yi. Onur ya zauna ya yi tunani, abin da bai cika zame masa alheri ba, sai ga amsa ta faɗo. Ya mance da magana ta biyu ta Daktora. Ba gabar dangi kaɗai ba ce, har da rashin kunya. Wanda ya gina gidan nan ya jera tsofaffin tudu a ƙasa, ya ɗora yaran ruwa a kansu.

"Ohaj, a gidanku, in kakanka yana zaune a ƙasa, kana hawa gado?"

"Ba na hawa."

"To waɗannan a kan wuyan kakanninsu suke zaune, tun kafin a haifi ubanka. Ni ma da ni ne bangon da na tsage."

"Yaya za ka gane tsoho da yaro? Haƙoransu za ka duba?"

"Da harshe. Ɗan ruwa da gishirinsa. Tsohon tudu kuwa ya salamce."

Haka aka wayi gari ana ganin Onur a durƙushe yana lasar gidan matarsa. Ya fara daga kusurwar gabas yana bi layi-layi. Abin haushi, bangon da ya shekara aru-aru yana shan feshin teku duk gishiri ne, sama da ƙasa. Leɓɓansa suka tsattsage, harshe ya kumbura har gahawa ta gagare shi. Hajja Batul ta ce wa masu sayen kifi gara ma lokacin wankan.

Yana dab da sarewa ya iso kusurwar ƙasa, can inda bango ya haɗu da yashi. Nan ya tarar da wani ƙaton dunƙule, launinsa toka-toka ba kamar sauran ba, zanensa manya-manya, kowane layi sai yatsa ya kwanta a ciki. Ya lasa. Babu gishiri, sai wani ɗaci-ɗaci mai kama maƙogwaro. Onur ya ja da baya ya zauna a kan ƙafafunsa.

"Kaka," ya ce a hankali. "Ashe nan suka jefa ka."

Ya yini yana haƙa kafin ya zaro shi, kuma da ya fito bango ya yi wata 'yar ajiyar zuciya, ƙura ta zubo. Onur ya ce godiya ce. Ya wanke dutsen, ya naɗa masa farin mayafinsa na zuwa Juma'a, ya aika a gaya wa unguwa za a yi zaman sulhu, kuma akwai nama.

Maganar nama ta cika fili. Umda Hadab, mai unguwa, ya zo da sandarsa aka shimfiɗa masa a tsakiya. Aka juyo da tsibi biyun suka fuskanci juna. Usta Jailani ya iso a kan jakinsa yana neman wurin ɗauri, Onur ya tarbe shi da fara'ar mai gida, ya ce, "Kawo, baƙo ba ya ɗaure jakinsa." Ya waiga, ya ga sanda doguwa mai kauri a kafe a yashi, ya ɗaure.

Mai gashin nama ya zo da baƙaƙen duwatsunsa na tudu, waɗanda ake jerawa a kan garwashi su yi ja a shimfiɗa nama a kai. Onur ya hana. Ya ce yau ranar hukunci ce, a kwaso munafukan nan na bakin ruwa su ɗanɗana wuta.

"Jiƙaƙƙu ne fa," in ji mai gashi. "Kuma murjani ba ya..."

"Kai nama ka sani, ni dutse na sani. Jera."

Ba a zaman sulhu sai da mai magana da yawun kowane ɓangare, duwatsu kuwa sun ƙi buɗe baki, don haka Onur ya naɗa Ohaj wakilin Saƙar Zuma, Usta Jailani wakilin Ƙwaƙwalwa. Aka ajiye kofin gahawa a gaban kowane tsibi, ba mai sha sai an daidaita.

Ohaj ya miƙe yana danne dariya. "Ranka ya daɗe, mu 'yan Saƙar Zuma mutanen zaman lafiya ne. Waɗannan ne masu girman kai, su ga kansu masu ƙwaƙwalwa."

"Mu muke ɗauke da bangon," in ji Usta, shi ma da murmushi. "Ku me kuka iya? Duk jikinku ramuka, kamar gahawar wani da na sani, rabi ruwa rabi citta."

Murmushin Ohaj ya ɗauke. "Gahawar wa?"

"Ni dutse nake wakilta."

"To dutsen ya gaya mana, wa ya gina min murhun da ya zube tun ba a ɗora tukunya ba?"

"Wa ya ce ka hau kai ka gyara rumfa?"

Kafin Umda ya ɗaga sanda, fili ya rabu biyu. Masu shan gahawa suka koma bayan Saƙar Zuma, waɗanda Usta ya taɓa yi wa gini suka tsaya bayan Ƙwaƙwalwa, aka fara tono maganganun da aka binne tun zamanin iyaye. Wani ya cire rawani. Onur ya dube su cike da gamsuwa, ya ce wa Umda, "Ka gani? Abin da ke cikin bangon ke nan."

Umda ya buga sanda a ƙasa har aka yi shiru. Ya leƙa kofunan. "Onur, mutanenka sun ƙi sha, mu kuma yunwa muke ji."

"Kunya ce. Babba bai zauna ba."

Ya hau rufin gida da igiya, majiya ƙarfi suka tura daga ƙasa, aka jawo Kaka da mayafinsa har ƙololuwar bango, daidai saman taga. Bango ya yi ƙara. Onur ya tsaya kusa da shi, iska na kaɗa masa riga, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, wannan da kuke gani shi ne uban murjani duka. Daga gare shi Ƙwaƙwalwa ya fito, daga gare shi Saƙar Zuma. Yana nan tun ba a halicci raƙumi ba, tun teku na wanke ƙafar duwatsun Sinkat. Ranar da na nuna wa Daktora shi, shi wannan ɗin, a kusurwar nan, sai ta ajiye guduma ta durƙusa ta fashe da kuka. Ta ce ta zaga duniya ba ta ga sa'ansa ba. Ta roƙe ni ta tafi da shi, na ce ba a fitar da tsoho daga gidansa."

Ya sauko ta matakala cikin nutsuwa, ya fito fili, ya buɗe baki zai ce a sha gahawa.

A nan munafukai suka yi magana daga kan garwashi. Na farko ya fashe kamar bindiga, ya cilla tsokar nama ta faɗa a cinyar Umda. Na biyu da na uku suka amsa tare. Garwashi ya tashi sama, mai gashi ya kwanta rub da ciki, kuliyoyi suka watse. Jakin Usta Jailani, wanda tunda yake bai taɓa sauri ba, ya tuna yana da ƙafa huɗu. Ya zabura, igiya ta miƙe, sandar jirgi ta biyo shi tana jan layi a yashi.

Bango ya ɗan tsaya, kamar yana jira a ce masa wani abu. Ba wanda ya ce. Sai ya durƙusa, 'yan Ƙwaƙwalwa da 'yan Saƙar Zuma da tsofaffi da yara duk suka rungumi juna suka zube wuri ɗaya. Tagar katako ta rabu da shi ɗungurungum, ta faɗa ruwa a kan bayanta, ta juya sau ɗaya, ta kama hanyar bakin mashigar teku da wata jar kyanwa zaune a kanta. Masunta suka ruga wurin jirgi, suka tuna sandar filafilansa tana can tana bin jaki zuwa kasuwa.

Da ƙura ta lafa, ana iya ganin gadon Onur daga gaɓa, da tukwane, da wandonsa a rataye. Kaka kuwa ya gangaro ta kan tsibin, mayafi na warwarewa a bayansa, ya ratsa tsakanin mutane, ya bugi dutsen dokin ƙofar kango ya dare biyu a gaban wata mata da ke tsaye da ƙunshin kaya a ka.

Sittana ba ta dubi dutsen ba tukuna. Tagar take kallo, tana ƙanƙancewa a kan ruwa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sauke kayanta, ta sunkuya.

A cikin uban murjani duka akwai gwangwanin kifi, da fasasshen kofi, da takalmin roba shuɗi, ƙafar hagu.

"Wannan mene ne ya hau saman gidana da mayafi?"

Hajja Batul ce ta amsa. "Kaka ne. Ya girmi raƙumi. Daktora ma ta yi kuka a kansa."

"Wace Daktora? Wadda ta zo tun Okir yana rarrafe?" Sittana ta juya ɓari ɗaya, ta shimfiɗa yatsunta a kan zanen. Kowanne ya kwanta a gurbinsa. "Bara waccan na toshe ramin kaguwa a kusurwar nan. Na cusa shara, na liƙe da ragowar simintin Usta, na shafe da hannu."

Onur ya gyara murya. Harshensa bai gama sacewa ba. "Uwar Okir, halitta takan yi kama da halitta. Mutanen da ma ai suna da yatsu."

"Da gwangwanin kifi?"

"Teku ce fa. Kifi ba baƙo ba ne."

Ohaj ya matso, ya leƙa, ya ƙara matsowa. "Tsaya. Wannan ba shi ne takalmin da ka ce akuyata ta cinye ba, har ka daina amsa gaisuwata?"

"Ban taɓa ganin takalmin nan ba," in ji Onur. "Wannan ɗinkin zamanin da ne. Dubi faɗinsa. Ƙafar mutanen farko ce, irin waɗanda..."

Sittana ta ɓamɓare takalmin daga siminti, ta kakkaɓe shi a gwiwarta, ta ajiye a ƙasa a gabansa. Umda da Usta da mai gashi da duk unguwa suka zagaye su.

Ta ce, "Miƙo ƙafa."